Baffa Ya Ce Kada In Tono Tarihin Kakanmu Soja

Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Agege ne, a nan aka haifi mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Bayan arba'in ɗin kakarmu, wadda ta haifi babanmu, aka buɗe adakarta, muka tarar da minda uku ƙulle a tsumma. Biyu masu siffar tauraro ne, ɗaya kewayayya mai kan wani Bature mai gemu, da ƙananan rubutu a gefenta. Akwai hoton wani mutum da jar dara da gajeren wando, da wani ɗan littafi da gara ta ci rabinsa. Abin da muka taso muna ji shi ne kakanmu ya je yaƙin Bama, shi kuma ubansa soja ne da ya zo Ikko tun zamanin Turawa, daga baya ya zama masinja a Sakatariya. Daga wane gari ya fito, babu mai faɗa. A nan ana ce mana 'yan Arewa, in mun je Kano a ce mana 'yan Ikko, ga 'ya'yana sun fara tambayata ina ne garinmu. Da na tuntuɓi Baffa, yayan mahaifina, sai ya ɓata rai ya ce kada in tono abin da Allah ya rufe, tun ranar bai sake sakar mini fuska ba. Ga kuma wani a Facebook ya ce in ba shi naira 150,000 ya ciro mini fayil daga Landan, wai har akwai kuɗin diyya. In ci gaba ko in haƙura? In zan ci gaba, ta ina zan fara?

Mai neman asali, Agege

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ji ƙan Hajiya, ya haɗa ta da mahaifinka a Aljanna.

Mutumin Facebook kada ka tura masa ko sisi. Fayil ɗin da ya ce zai ciro maka ba a Landan yake ba. Takardun aikin sojoji baƙar fata, waɗanda ake cike wa mutum ranar shigarsa da ranar sallamarsa, Turawa a nan suka bar su hannun rundunonin ƙasashen da suka samu 'yanci. Abin da ke Ingila wani abu ne daban, zan zo kansa, kuma duba shi a intanet ba ya buƙatar ɗan tsakiya. Zancen diyya kuwa romon baka ne. Akwai ƙungiyar agaji ta Kwamanwel da ke tallafa wa tsofaffin sojojin da ke raye da matan da suka mutu suka bari, amma babu wata taska da ake raba wa jikoki.

Yanzu kwance tsumman nan. A ganina mindar mutum biyu ce Hajiya ta haɗa wuri guda. Taurarin na Yaƙin Hitila ne, wato Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta raba su ba tare da ta buga sunan kowa a jiki ba. In ka duba za ka ga rubutu a zagaye da ya ambaci Bama ko Afirka, ko shekarun 1939 zuwa 1945. Waɗannan na kakanka ne. Kewayayyar kuwa gemun nan ne ya tona mata asiri, don sarkin Ingila na lokacin Yaƙin Hitila, Joji na Shida, ba shi da gemu. Masu gemu su ne ubansa Joji na Biyar, wanda ya yi sarauta daga 1910 zuwa 1936, da kakansa Edwad na Bakwai, daga 1901 zuwa 1910. Mindar zamaninsu ana buga mata a gefe lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa. Ƙananan rubutun nan da ka gani ka wuce, su ne abin da kake shirin biyan kuɗi a nemo maka. In kuma akwai wani ɗan ƙarfe a gicce a samanta da aka rubuta N. Nigeria 1903 ko 1906, to ya faɗa maka yaƙin da mai ita ya je. Kada ka goge ta da toka ko lemon tsami don ta yi ƙyalli, rubutun ne zai shafe. Littafin nan ma kada ka kai a liƙe shi da leda. Shimfiɗa su a bakin taga da hantsi, ka ɗauki hoton kowane shafi da kowane gefe.

Amma Baffa ya fi damuna a wasiƙarka. Takarda ta jira shekara ɗari, za ta iya ƙara goma. Baffa da Gwaggo ba su da wannan lokacin, kuma abin da ke cikin kansu babu shi a kowane fayil.

Dattijo ba ya ɓata rai a banza, akwai abin da yake gudu, kuma tarihin sojan ƙasar nan ya isa ya nuna mana irinsa. Sojan Najeriya yana lissafin haihuwarsa daga 1863, a nan Legas, shekara biyu bayan Ingila ta karɓe garin. Kyaftin John Glover, wanda Glover Hall ke ɗauke da sunansa, ya tara Hausawa 'yan kaɗan ya ba su bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa, kaki ya zama musu mafaka. Shekara goma bayan haka ya kwashe su zuwa yaƙin Asante, a ƙasar da yau ake kira Gana. Bisa lissafin mindar nan da wuya kakan babanka ya riski Glover, amma hanyar ba ta toshe ba, har shigowar ƙarni na 20 waɗanda suka tsere wa bauta suna cikin masu cika bariki. Mutumin da ya zo ta wannan hanyar ba ya faɗin garinsu. Wani ma sunan da ya ba Bature ba shi aka raɗa masa ba.

Sai kuma 1903. Rundunar Gwamna Lugga da ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi a watan Yuli, Turawan cikinta 'yan tsiraru ne. Masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne, da Hausa ake ba su oda. Haka aka yi a Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906. Sojan da ya yi wannan aikin, ka ga dalilin da zai sa in an sallame shi ya gwammace zaman unguwar Obalende a nan Legas, cikin tsofaffin sojoji 'yan'uwansa, da ya koma inda za a riƙa nuna shi da baki ana cewa ga yaron Nasara. Kalmar bariki ma da muke zagi da ita har gobe, daga barikin soja ta samo asali.

Yana yiwuwa kuma mutumin ba Bahaushe ba ne tun farko. Bature duk wanda ya ji Hausa a bariki Hausa yake ce masa, ko Babarbare ne, ko Bazabarme, ko Banufe, ko Badakkare, ko mutumin Chadi. Yana yiwuwa ma abin bai kai can ba, wata mata ce da 'ya'ya a Lakwaja ko Zariya, ko takardar fili da in ta fito za ta ta da rigimar gado.

Ga ra'ayina. Kana da haƙƙin sanin asalinka, addini ma ya kwaɗaitar da sanin dangi saboda zumunci. Ni ban ga abin kunya ga mutumin da aka kama aka sayar, ya tsere, ya kafa gidan da yau ya kai zuriya biyar ba. Kunya tana kan wanda ya sayar. Na 1903 kuwa ba zan ce maka abin tinƙaho ba ne, an zubar da jinin mutane, wasunsu da carbi a hannu. Sai dai ba a ɗora wa wani laifin wani. Amma sani daban, shela daban. Ina zaton bakin duniya Baffa yake tsoro. Yana da 'ya'ya mata da jikoki, ka kuma san yadda muke, in an zo neman aure sai an aika a binciko asali, kalma ɗaya daga bakin wani tsoho a Zango ta isa ta watsa maganar. Wannan tsoron ba wauta ba ne, ka girmama shi.

Kuskurenka, in ka yarda in faɗa, shi ne ka je masa da tambaya tsirararta alhali bai daɗe da binne mahaifiyarsa ba. Ka ajiye zancen wata biyu. Ka riƙa zuwa gaisuwar Juma'a da goronka, ka zauna ka tashi ba ka ambaci soja ba. Sannan ka sa a wanke hoton nan babba, a sa shi a gilashi, ka kai masa. Ka ce, Baffa, na yi niyyar a yi wa magabatanmu saukar Alƙur'ani, ina son sunayensu daidai saboda addu'a. Kuma ka yi saukar da gaske, kada ta zama dabara. In ya saki jiki, ka ɗaukar masa alkawari biyu: duk abin da ka samo shi zai fara ji, kuma babu abin da zai hau Facebook sai da yardarsa. In ya ƙi duk da haka, ka daina tambayarsa. Ni na fahimci umarninsa da cewa kada ka tona asirin gida, wannan kuwa kana iya kiyaye shi kana karanta gefen mindarka.

Daga nan ka koma wajen mata, su ne ma'ajiyar irin wannan labarin. Gwaggo, da abokiyar zaman Hajiya in akwai mai rai, da tsofaffin maƙwabta. Kada ka tambaye su shekara, ba sa riƙe shekara. Tambaye su wace irin aska ce a fuskar tsohon. Da wane yare yake ƙirga kuɗi, da wanne yake zagi in ya fusata? Wace miya yake so? Su wa ke zuwa daga Arewa lokacin cinikin goro su sauka a gidan? Wane kirari maroƙa ke yi masa? Sunan wa aka mayar wa babanka, sunan wa aka mayar wa Baffa? In ka samu siffar askar, ka zana ta a takarda ka kai wa tsohon wanzami, sau da yawa zai faɗa maka ƙasar da ake yin irinta. Ka nemi izini ka naɗi muryarsu a waya. Fadar Sarkin Hausawan Agege da dattawan tsofaffin masallatan Obalende su ma ka kai musu gaisuwa, gidajen tsofaffin sojoji sun san juna.

To sai takardu, kuma a nan abin da zai fara kayar da kai shi ne suna. Na taɓa kwana uku a wani gidan adana takardu ina neman wani Ibrahim, kakan abokina, ashe mutumin yana gabana tun ranar farko da sunan Braima. Laifina ne, na manta cewa akawun da ya rubuta shi abin da kunnensa ya ji ya sa. Muhammadu sai ya koma Momo ko Mamadu, Umaru ya koma Imoru ko Omoru, Audu ya koma Awudu, Bello ya koma Belo. Garuruwa ma haka, Katsina ta zama Katsena, Bauchi ta zama Bautshi. Suna na biyu galibi gari ne, Audu Kano, Garba Sakkwato, kuma ba lallai garin haihuwa ba, wani lokaci inda aka ɗauke shi ne, ko babban garin da Bature ya sani kusa da ƙauyensu. A bataliya guda sai ka tarar da Musa Kano fiye da ɗaya. Shi ya sa lamba ta fi suna. Sojojin Najeriya na Yaƙin Hitila lambarsu tana farawa da haruffan NA, ka duba ko gara ta bar maka ita a littafin nan. In takardar sallama ce, galibi akan rubuta ƙabila da gari da tsawon mutum da askar fuskarsa.

Da lamba a hannunka, akwai abin da za ka yi daga wayarka kana zaune a Agege. Ma'adanar takardun gwamnatin Ingila da ke unguwar Kew a Landan ta sa jerin abin da take da shi a intanet, neman suna kyauta ne. Katunan mindar Yaƙin Duniya na Farko, wanda sojojinmu suka yi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916 sannan a Gabashin Afirka, suna ƙarƙashin lambar WO 372. Jerin waɗanda aka ba minda a yaƙe-yaƙen da suka gabace shi yana WO 100. In kakanka ya yi wata bajinta da aka nema masa lambar girma a Bama, bayanin yana WO 373. Wanda na fi so shi ne WO 172, littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum a fagen yaƙin Bama. Da wuya su ambaci farabiti da suna, amma in ka san bataliyarsa sai ka bi sawunsa kogi bayan kogi, ka san ranar da suka yi tafiya, ranar da jirgi ya jefo musu abinci, ranar da aka yi artabu. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, CWGC, ita waɗanda suka mutu a bakin aiki kawai ta lissafa, naku kuwa sun dawo, amma ka duba ko akwai ɗan'uwansu da bai dawo ba. Tana da kaburbura a maƙabartar Atan da ke Yaba. In ba ka ga suna ba kada ka ce ƙarya tsofaffi suka yi, don a 2021 hukumar da kanta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Farko, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba.

Af, kai da ke Legas tarihin kakanka kana wuce shi a cikin danfo kullum. Barikin Dodan a Obalende, Myohaung da An a Yaba, Arakan da Tamandu a Apapa, duk sunayen wurare ne a Bama inda runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan. Myohaung a watan Janairun 1945 suka karɓe ta. Lambobin nan biyu har yau sojanmu yana riƙe da su, ta 81 a Legas, ta 82 a Inugu.

Takardar aikinsa ta ainihi kuwa wajen sojan Najeriya za ka nema. Ofishin adana bayanan sojoji yana Lakwaja, garin da barikinsa ke ɗauke da sunan Samanja Chari Maigumeri, mutumin da ya fara soja a hannun Jamus a Kamaru, aka kama shi, ya koma wa Ingila, ya yi ta yi har Bama. Ka bi ta reshen Legas na ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, su suka san yadda ake rubuta irin wannan takardar da wanda ake kai wa. Ka haɗa da lamba da suna da hoton minda, ka kuma haɗa da haƙuri.

Saura masinja. Kada ka raina muƙamin. Tsofaffin sojoji Turawa suka fi ɗauka wannan aikin, kuma masinjan gwamnati shi ne bakin Bature kuma kunnensa, wani ma shi ne tafinta. Sai dai littafin jerin ma'aikata da ake bugawa duk shekara manya ya lissafa, yawancinsu Turawa, ba za ka same shi a ciki ba. Inda ƙananan ma'aikata ke ɓullowa shi ne fayilolin fansho da garatuti, da Gazet ɗin gwamnati, da takardun koke. Koken nan ka fi sa ido a kai. Tsohon soja in an hana shi haƙƙinsa sai ya je wajen mai rubuta wasiƙa, kuma don ya nuna ya cancanta sai ya zayyano rayuwarsa duka: inda aka haife shi, shekarar da ya shiga, yaƙe-yaƙen da ya je, Turawan da ya yi wa aiki. In Allah ya sa naku ya taɓa yin koke, shafi ɗaya zai iya ba ka abin da ka rasa a bakin mutum goma.

Takardun Legas na zamanin Turawa yawancinsu suna Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Ibadan, wadda Kenneth Dike ya assasa a 1954, tana cikin harabar Jami'ar Ibadan. Ka nemi fayilolin CSO, na ofishin Babban Sakataren Gwamnati, da na Comcol, na Kwamishinan Legas. Jirgin ƙasan Ibadan yana tsayawa a Agege, ba sai ka je Ebute Metta ba. Ka tafi da katin shaida da fensir da littafin rubutu, duk fayil ɗin da ka buɗe ka rubuta lambarsa ko da ba ka samu komai a ciki ba, don kada ka sake kiransa gobe. Kada ka je reshen ma'adanar da ke Kaduna yanzu. Sai sunan gari ya fito, sannan fayilolin larduna na can, irin su Kanoprof da Zarprof da Sokprof, da cibiyar adana tarihi ta Gidan Arewa, da tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, za su yi maka amfani.

'Ya'yanka kuma in sun sake tambaya kafin ka gama, ka ce musu Legas ce garinsu. Kakan kakansu ya yi aiki a Sakatariyar Marina tun ba a haifi yawancin masu ce muku baƙi ba, balle iyayensu. Garin da ya baro, in ya fito, sai ku ƙara shi a kai.

Yau da dare ka ɗauko kewayayyar mindar nan, ka haska gefenta da fitilar waya daga gicce, ka juya ta a hankali. Ka kwafi abin da ka gani harafi da harafi, har da ɗigo, ko da bai yi maka ma'ana ba, ka aiko mini. Ka gaishe mini da Baffa ran Juma'a, amma kada ka ce masa mun yi magana.